Ga Mijina da Ya Bi Mawaƙin Italiya

Malam, assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da aure ya ɗora mini, da fatan Roma ta karɓe ka. A nan bainar jama'a nake rubuto maka, kowa ya karanta, tunda saƙon waya ba ya samun amsar kirki.

Wata bakwai ke nan da ka bi makaɗa, wai wata biyu za ka yi. Karatun Shari'a ya kawo mu Alƙahira. Wannan tsohon Baturen mawaƙi ne ya fitar da kai.

Tarihinsa na haddace shi ba da sona ba. A ɗakinmu na unguwar Hay el-Sabi' ina gyaran molokhiya, lalon Misirawa, kana biya mini shi kamar sira: yadda ya fara waƙar disko a gidajen rawa, yadda ya yi tashe, yadda da yayin ya wuce ya koma yi wa finafinai kiɗa. Kana cewa, “Mutum ba ya tsufa in ya iya sauya sauti.” Ko sau ɗaya ban ji ka ambaci matarsa ba.

Iƙamata, takardar izinin zamana a nan, a kan karatunka take, ka sani. Na sha layi a ofishin shige da fice tun hantsi har la'asar, ma'aikaciyar ta tambaye ni ina mijina, ta ce ma'alish, wato in yi haƙuri, ta turo mini fasfona. Na roƙe ka ka dawo ka sabunta rajistarka. Me ka aiko? Kiɗa na minti uku, ba kalma ko ɗaya, wai na wurin da mace ke jira a taga ne a wani fim. Jirana ka mayar kayan aiki, Malam. Ba ka ji kunya ba?

Ni ma da laifina. Littattafan soyayya sun koya mini cewa mai tafiya yana dawowa a babin ƙarshe da turare.

Na saurari kiɗan, ba zan ɓoye ba. Sau huɗu. Akwai inda sarewa ke sauka kamar yadda kake kiran sunana in kana neman sulhu, a nan na yi kuka.

Bayan ƙaramar Sallah iƙamar za ta ƙare. Ko ka zo da ƙafarka, ko ka aiko mini da takardata, da rubutun hannunka, in koma Zariya na san matsayina.

Allah Ya tsare ka daga sanyin ƙasar can, Ya ba ka abin da kake nema, Ya kuma tambaye ka hakkina.

Matarka, zuwa Sallah.