Rashin Chima Mai Hoto, da Roƙonmu Kan Kwalin da Ya Bari

Cikin alhinin da har yanzu bai bar mu mun zauna wuri ɗaya ba, Ƙungiyar Masu Ciwon Numfashi da Masu Jinyarsu ta Ƙasar Daura, ƙarƙashin jagorancin shugabanta, Alhaji Kabiru Hamma Kongolam, ta samu labarin rasuwar uban ƙungiya kuma babban jami'in ɗaukar hoton marasa lafiya, Mista Chimaobi Nwafor, wanda gari ya fi sani da Chima mai hoto, da hantsin ranar Litinin, 23 ga watan Yuni, 2025, bayan jinyar kwana huɗu, yana da shekara hamsin da huɗu a duniya. Muna miƙa ta'aziyya ga mai ɗakinsa, Madam Eberechukwu, da 'ya'yansa, Munachiso da Chizaram, da yayansa kuma babba a gidansu, Cif Obioma Nwafor na layin masu kayan gyaran mota, da ɗaukacin al'ummar Ibo mazauna Daura. Tare da ta'aziyyar akwai roƙo guda, kan wani kwalin hotunan marasa lafiya da mamacin ya bari a gida, wanda numfashin mutum goma sha ɗaya ya rataya a kansa, kuma muna tsoron kada ya bi sauran kaya zuwa kudu ranar Asabar.

An ɗora mini rubuta wannan saƙo ba don na fi kowa boko ba, domin a aji biyu na sakandare ni da makaranta muka rabu ba tare da ɗayanmu ya yi kuka ba. An ba ni kakakin ƙungiya ne saboda cikin waɗanda suka yi zaman farko, ni kaɗai nake iya kai magana ƙarshe ban tsaya na huta ba. Duk inda aka ga na karkace, a yi haƙuri, wanda ya saba gyara mini rubutu shi ne yau nake rubutawa a kansa.

A Daura aka haifi Mista Nwafor, a bayan shagon mahaifinsu, ya tashi yana jera fulogi da tiyo kafin karatu ya kai shi Zariya. Da ya gama an yi masa tayin aiki a manyan birane, ya dawo gida, ya yi shekara ashirin da bakwai a ɗakin hoton asibiti yana ce wa mutanen Zango da Mai'aduwa da Baure, har da na tsallaken iyaka, su ja numfashi su riƙe. Hausarsa ta fi tawa, kuma bai taɓa barin na manta da haka ba. Aikinsa ya ɗauki hoto ya miƙa a kai wa likita, amma shi ya ƙara wa kansa wani aikin da ba wanda ya sa shi: yakan dubi yadda mutum ya hau matakala uku na ƙofar ɗakinsa. Wanda ya iso yana haki kamar ya yi tseren gudu, hotonsa kuma ya fito tas, wannan shi ne Chima ba ya barin ya tafi haka nan.

Na san haka ne ta kan 'yata Haulatu. Bayan haihuwarta ta biyu ƙafarta ta hagu ta kumbura, ta saɓe, muka manta. Bayan wata shida sai ga shi ba ta iya share tsakar gida sai ta dafa bango. Aka ce asma ce, aka ba ta abin shaƙa; aka ce tarin fuka ne, gwaji ya ce ba shi ba ne. Hoton ƙirji biyu muka yi a wurare biyu, aka ce mana lafiya lau. Ni kuwa, da iliminmu na aji biyu, na ɗaga hoton na haska da rana a tsakar gida, na ƙirga haƙarƙari na ga sun cika, na sanar da uwarta da surukanta cewa yarinyar nan son jiki ke damunta. A gabanta na faɗa. Ashe ko numfashin musu ba ta da shi.

Hoto na uku a hannun Chima aka yi. Ya daɗe yana kallonsa a jikin fitila, sannan ya kira ni gefe ya ce, "Malam Isyaku, wannan hoton ƙashi da iska ya fi gani. Inda jini ya tsaya, ba lallai ya nuna maka ba." Da ya ga ban gane ba, sai ya koma yaren shagon babansu. Ya ce in ɗauki huhu kamar injin babur: iska na shiga kafireto yadda ya kamata, amma tiyon mai ya toshe, to ko sau nawa ka buga ba za ya ja ba. Ya ce akwai gudan jini da kan taso daga ƙafa ya maƙale a jijiyoyin huhu, ga wasu ya narke, ga wasu ya daskare ya zauna shekara da shekaru, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi har ɓarinta na dama ya kumbura. Shi ne hawan jinin huhu, kuma awon da ake ɗaura wa mutum a damtse ba ya kama shi. Ya kuma gaya mini sau biyu cewa shi ba likita ba ne, zato yake yi, masu tabbatarwa suna gaba.

Shi ya jera mana hanyar, kamar yadda ya jera wa kusan kowa a wannan ƙungiya. Da farko hoton zuciya, wanda ake shafa mai a ƙirji a ɗora na'ura, a ga ko ɓarin dama na wahala. Sai hoton iska da jini, wanda sai da muka yi doguwar tafiya kafin mu same shi: a ba mutum wani abu ya shaƙa a ɗauka, a yi masa allura a sake ɗauka, a jera biyun. Na Haulatu, na iska ya cika fam, na jini kuwa kamar ɓera ya gutsure shi wuri uku, har ni na gani ba sai an nuna mini ba. Sai siti sikan a Kano, mai allurar da ke haska jijiyoyi a ga ainihin inda suka toshe, daga ƙarshe likitocin zuciya suka zura siririn tiyo suka auna ƙarfin bugun daga ciki. Yau shekara huɗu tana kan maganin tsinka jini da sauran abin da suka rubuta. Ba ta warke sarai ba, an ce wannan sai babban aikin tiyata da har yanzu ba mu kai gare shi ba, amma tana goya ɗanta, tana kuma iya yi mini musu. Na nemi gafararta tuni. Shi kuwa Chima, na yi ta ɗaga ranar da zan zauna in gode masa ba da wasa ba, kullum in mun haɗu sai tsokana ta cinye lokacin.

Kewarsa za ta fi kama mu ranar Lahadin da muke zama, domin daga coci yake zuwa kai tsaye da kwat ɗinsa, ya zauna a kan tabarma yana ƙorafin gwiwa, ya bi mu ɗaya bayan ɗaya yana tambayar wa ya tsallake magani. Muna roƙon Allah Ya ba Madam Eberechukwu da 'ya'yanta da Cif Obioma haƙuri da dangana, Ya ba su ƙarfin zuciyar ɗaukar wannan rashi, Ya raya abin da mamacin ya bari, Ya sa alherin da ya yi wa 'ya'yan mutane ya iske nasa.

Ga roƙon namu, ranka ya daɗe Cif. Al'adar ɗan'uwanka ce, duk wanda ya yi wa zaton wannan ciwo yakan karɓi hotonsa da izininsa, ya sa a ambulan, ya rubuta suna da gari da lambar waya, ya tara a wani kwalin batirin mota. Asabar ɗin ƙarshen kowane wata yakan ɗauka ya shiga motar Kano, ya nuna wa likitan zuciyar da ke duba 'yan ƙungiyarmu, ya dawo ya kira wanda ya kamata a tura gaba. A zamanmu na ƙarshe ya ce mana na wannan wata sun kai goma sha ɗaya. Ba mu san sunayensu ba. Suna can ƙauyukansu suna jiran waya, kuma na san abin da ake gaya musu a gida, tunda na taɓa faɗa da bakina.

Mun ji cewa Asabar ɗin nan, 28 ga wata, za ku tafi da shi garin kakanninsa a binne shi, kamar yadda al'adarku ta tanada, tare da kayan ɗakinsa. Ba mu da ta cewa kan wannan, ko da yake mun so a ce yana kusa. Abin da muke nema kawai a ware kwalin nan kada a ɗaure shi da sauran. Likitan ya amsa mana cewa zai jira. Hanyarku kuma ta Kano za ta bi, saboda haka muna neman izini motarmu ta bi bayan ta mamacin tun daga ƙofar gida. Karanta hoto ya fi ƙarfinmu, amma mun iya riƙe kwali a cinya. Mu raka shi har Kano, a nan mu tsaya da kwalin, shi ya wuce gida.

Sa hannu:
Isyaku Mati Zango
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar Masu Ciwon Numfashi da Masu Jinyarsu ta Ƙasar Daura
Laraba, 25 ga Yuni, 2025