Tabarmar Inna Ba Za Ta Ga Wuta Ba

Zuwa ga Yayana Ilyasu, a Abijan.

Gaisuwa mai yawa da ladabi daga ƙanwarka Hindatu, a nan Madawa. Ina roƙon Ubangiji wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka Balki da yara, ya sa albarka a kasuwarka, ya raba ka da ciwon bayan nan da kake ƙorafi. Mu nan lafiya lau. An kai gero rumbu, albasar fadama ta yi kyau, akuyar ƙanwarmu Fatsima ta haifi biyu. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai ido ya ƙara rauni, yanzu zare ma ni ke zura mata a allura in na dawo daga lakwal, makarantar da nake koyarwa.

Saƙon muryarka ya iso, na saurare shi har sau biyu don kada in yi maka ƙarya. Ka ce in ɗauki tabarmar Inna in ƙone ta, a huta da maganar gidan Kawu Kalla. To, Yaya, da girmanka da komai, ba zan ƙone ba. Amma tunda a bakin Hafizu ɗan Kawu ka ji labarin, bari ka ji shi a bakin wadda aka yi a gabanta.

Ka san tun rasuwar Baba babu mai karanta wa Inna Littafi Mai Tsarki da safe sai ni, ita kuwa ko baƙi ɗaya ba ta sani ba. Labaran sai suka riƙa cakuɗe mata, ta tambaye ni wane ne ya ba da labarin makiyaya, wane ne ya ba da na bikin Kana, in gaya mata yau, gobe ta manta ta ji haushin kanta. Matan majami'armu ma haka. Shi ne na zauna da ordinata, wato kwamfutar da nake lissafin makin ɗalibai da ita, na jera labaran Bisharu huɗu tun daga haihuwar Yesu har tashinsa, na ba kowane marubuci layinsa da launinsa: Matiyu ja, Markus baƙi, Luka kore, Yohanna shuɗi. Inda mutum ya kawo labari sai in shafa launinsa, inda ya yi shiru in bar wurin fari. Da na nuna wa Inna, ta kanne ido ta daɗe tana kallo, sai ta fashe da dariya, ta ce ashe duk bokon nan nawa tabarma nake saƙawa ban sani ba. Washegari ta aiki Fatsima kasuwa sayen kaba da rini.

Rani guda ta yi tana saƙarta, ni ina faɗa mata inda za ta sa launi da inda za ta bar kabar fara. Sau nawa muka warware! Amma Yaya, da ka ga abin da ya fito. Layin Markus ya fara da fari tas, don shi bai ba da labarin haihuwa ba. Ja da baƙi da kore suna tafiya kusa da kusa kamar mata masu zuwa rijiya, shuɗin Yohanna yana can shi kaɗai yana tasa hanya. A tsakiya duka huɗun sun haɗu wurin ciyar da mutum dubu biyar, sannan a ƙarshe, daga kamu zuwa gicciye, tabarmar ta cika da launi baki da baki. Yanzu Inna ce ke aza yatsa tana gaya wa mata wane ya faɗi me. Matar da ta yi shekaru tana zama a bayan majami'a bakinta rufe! Ni dai na yi kuka ranar farko, ba na jin kunyar faɗa.

A bango take rataye, ba mai zama kanta. Ranar da abin ya faru, matan majami'a sun tashi daga karatu ba a kai ga mayar da ita ba, sai ga Kawu Kalla daga Azarori, ya biyo gaida ƙanwarsa bayan cin kasuwa. Inna ta shiga dama masa fura. Shi kuwa ya yi alwala, ya duba ya ga sabuwar tabarma mai tsabta a ƙarƙashin rumfa, ya shimfiɗa ya ta da sallar azahar. Inna ta fito da ƙwarya a hannu ta same shi goshi a ƙasa. Me za ta yi? Ta ja tabarma a ƙarƙashin yayanta yana gaban Mahaliccinsa? Ta tsaya har ya sallame, sannan ta durƙusa ta gaya masa gaskiya da bakinta, cewa labaran Bishara ne a saƙe a tabarmar. Da ta yi shiru, har gobe ba wanda zai sani. Kawu ya sha furarsa, ya yi mana sallama ya tafi.

Hafizu ne ya zo bayan kwana biyu kan babur, yana huci. Wai tarko muka ɗana wa ubansa, wai ƙafar kowa na gidansu ba za ta sake taka gidanmu ba sai an ƙone ta. Har ya nuna fararen wuraren ya ce ga shi nan, da hannunmu mun shaida Littafinmu ramuka ne. Na ce masa ya aiki mutum huɗu kasuwar Madawa su dawo, ya ji ko bakinsu zai zo ɗaya kalma da kalma, kuma ya gaya mini ko hakan na nufin ba a ci kasuwar ba. Na ce mu ba mu ɓoye farin ba, mu muka saƙa shi. Na yarda muryata ta hau fiye da kima, amma ko kalma ɗaya ban janye ba.

Ban raina zumunci ba, kada ka ɗauka haka. Inna ba ta da kowa sama da Kawu, kuma ina ganin yadda take miƙa wuya duk ranar kasuwa in ta ji an yi sallama. Abin yana cin ta, yana cina. Na yi niyyar zuwa Azarori da kaina in durƙusa gaban Kawu in ba shi haƙuri a kan sakacinmu na barin ta a ƙasa, don wannan laifinmu ne. In ya zage ni zan shanye. Amma a ce tsohuwa ta ƙone abu ɗaya da ya sa ta iya karanta Littafinta don Hafizu ya ji sanyi, a'a. Idonta ba zai sake ba ta wata irinta ba, kai ma ka sani.

Kai kuma Yaya, sauƙi gare ka. Kana can bakin teku ka danna waya ka ce a ƙone. Yaushe rabonka da gida? Ɗanka Alƙasim da aka haifa a can bayan tafiyarka har ya shiga lakwal, Inna ba ta taɓa aza shi a cinya ba. Akwai wani wuri a tabarmar nan inda kore ke tsaye shi kaɗai, sauran ukun fari, labarin ɗan da ya tafi ƙasa mai nisa ubansa yana duban hanya. Luka kaɗai ya kawo shi. Wurin ya riga ya dushe, ya yi santsi, don kullum da safe nan yatsanta ke fara sauka, kuma sunanka take kira a addu'a. Ba ta san na lura ba.

Saboda haka in ka dage sai an ƙone, ka shigo mota ka zo. Ashana tana nan a madafa, ni zan miƙa maka da hannuna. Amma sai ka fara zama kusa da ita ta nuna maka koren nan.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka. Fatsima tana gaida Balki, ta ce har yanzu tana jiran zanen da aka yi mata alkawari. A shafa mini kan Alƙasim da Aziza. Ubangiji ya kiyaye ku, ya kawo ka gida lafiya.

Taka ƙanwa, mai taurin kan da ka sani,
Hindatu