Sadiku Ya Ɓoye Mini Ciwonsa

Daren Laraba, Jambutu

Loɓar ɗana Sadiku, wato fatar kan gabansa, ta sake kumbura, kuma ya ɓoye mini. Tun da ya ji kakarsa Dada tana cewa a kira wanzami kowa ya huta, yaron nan ya koma yin fitsari a ɓoye a bayan ɗaki, yana cije leɓe. Wallahi na ji haushinta.

Na zaunar da shi a ruwan ɗumi yadda likita ta ce wancan karon, ba sabulu, ba jan fatar da ƙarfi. Na tsane wurin, na shafa man asibiti. Na ce, "Babana, ba mai taɓa ka da aska kan wannan ciwon."

Ya kalle ni, sannan ya raɗa mini, "To Mama, tun shekaranjiya yake min zafi."