Wanda Ya Tare Mini Iska

Kef Taun, Afirka ta Kudu

Yaya Abdulkahar,

Assalamu alaikum. Ya jikin Iya? Ya su Adawiyya da mutanen Yalwawa? Ni lafiya lau nake, gwiwa ce kawai ta sa nake salla a zaune kwana uku. Kada Iya ta ji.

Ranar Lahadi na shiga tseren keke na dubban mutane, kilomita ɗari da ɗoriya, tare da abokan aikina na gareji. Suka ce in bi bayan Tabo, gwaninmu, ya riƙa tare mini iska. Ni da na shekara bakwai ina kai buhun gero daga Buji zuwa Dutse a keke, ni zan laɓe bayan wani? Na taka na bar su.

Yaya, a kilomita sittin ƙafafuna suka mutu. Tsofaffin mata suna wuce ni! Sai ga Tabo ya iso. Ya ce, “Maigida, bi tayata kawai.” Mutumin da ya yi wata shida yana shirin wannan rana, ya shiga gabana yana tafiya a hankali, yana waiwayena, har muka ƙarasa cikin 'yan baya. Ko gori bai yi mini ba. Wallahi har yau na kasa gane irin wannan mutum.

Don Allah ka turo mini lambar ƙaninmu Saifuddeen. Tun ranar da na tafi na bar shi a hanyar Ringim da buhu biyu a kan kekensa, wai yana ɓata mini lokaci, bai ƙara yi mini doguwar magana ba. Ka roƙe shi ya ɗauka idan na kira.

Allah ya ƙara wa Iya lafiya.

Ƙaninka,
Ɗanmusa