Kwantena a Gurbin Darbejiya

Jiddari Polo, Maiduguri
Watan Rajab

Umara,

Kada ka karanta wannan takarda a tsaye, kada kuma ka karanta ta a can saman ƙugiyar ɗaga kayan da kake tuƙawa, ido ɗaya a kan rubutuna, ɗaya a kan kayan mutane. Ka sauko ƙasa, ka zauna, ka karanta har ƙarshe. In ka tsallake layi, Allah yana gani.

Bayan haka, assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Yaya aiki, yaya ciwon bayan nan naka? Ni lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙanwarka Muhsinat ta bugo daga Damaturu, ita da mijinta suna gaishe ka.

Na koma ga biro ne saboda waya ta gaza. Ka ce a bakin ƙofa kuke ajiye wayoyinku kafin ku shiga tashar jiragen ruwa, in ka fito kuma barci ya ci ƙarfinka. Da Kanuri na saba yi maka faɗa, amma a sakandare ba a koya mana rubuta shi ba, sai ka haƙura da Hausa. Abokinka Dzarma zai kawo maka, tunda shi bai bar tuƙin tirela ba.

Ya nuna mini hotunan da ka turo. Na ga yadda aka cike bakin teku da yashi aka shimfiɗa kankare, na ga sababbin ƙugiyoyi sun fi hasumiyar masallaci tsawo. Ya ce yanzu ta kwamfuta ake ba direba lokacin shiga. Ban ce ba a yi aiki ba. Ban manta da makonnin da kake kwana ƙarƙashin mota a layi ba, sauro ya cinye ka, ka dawo da tari.

Amma ka yi tunani. Lokacin da kake tuƙi, duk kayan da aka ɗora maka zuwa Kasuwar Monday suna kawo ka ƙofar gidana. Yanzu kai ke ɗaga kwantena ka ɗora wa Dzarma, ita ta zo Maiduguri, kai ka zauna. Wannan shi ne ci gaban da ya iso gare ni.

Ina kuma so in sani, a can sama yaya kake alwala? Jirgi ba ya hana azahar shiga. Kada ka haɗa salloli kana ce wa kanka matafiyi, alhali a kujera ɗaya kake wuni.

Dzarma ya ce akwai babbar tsaraba da ke tafe. Ban roƙa ba.

Allah ya tsare ka.
Mahaifiyarka,
Gumsu

Jiddari Polo, Maiduguri
Watan Sha'aban

Umara,

Assalamu alaikum. Ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka. Ni jikina lafiya.

Tsarabarka ta iso. Ranar na tafi Ajilari ta'aziyya. Da na dawo da la'asar, tun daga bakin layi na ga gidana ya yi haske irin wanda ban san shi da shi ba. Na tarar da kwantena shuɗiya zaune a gefen ƙofa, an fasa mata katanga, bakinta yana kallon titi. Darbejiyar da mahaifinka Ba'ana, Allah ya jiƙansa, ya shuka shekarar da muka tare, na same ta guntu-guntu an jingine a bango.

Dzarma bai ɓoye mini ba. Ya ce motar ƙugiya ta kasa sauke ta saboda bishiyar, suka neme ka, aka yi sa'a kana hutu, ka ce a sare. Ashe wayar tana shiga in ta ga dama. Ni ba a neme ni ba.

Na fahimci nufinka. Tashar ta sabunta, ana sayar da tsofaffin kwantena da araha, ka ce bari uwarka ta samu shago, ta daina ɓata idonta da ɗinkin hula. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba ka ladanta. Amma da kana zuwa gida da ka san ba don hular nake ɗinkin ba. A ƙarƙashin bishiyar nan Ya Zaratu da sauran matan layi suke shimfiɗa tabarma kullum bayan azahar, kowa da zarenta da allurarta, mu yi hira har a kira magariba. Su ne suka riƙe ni tun rasuwar mahaifinka.

Sun zo washegari don kunya. Ƙarfen nan yana huro zafi kamar murhu, babu inuwa sai ɗan siririn gefen bango. Ya Zaratu ta yi ta fifita da mayafinta tana yaba fentin. Yanzu sun koma gidan 'yarta a Moduganari, can akwai bishiya. Sun ce in riƙa zuwa. Gwiwata ba ta son hawa keke Napep kullum, kuma wanda ya saba a zo masa, zuwa yana yi masa nauyi.

A wurin aikinku abin da ya tare hanya ɗauke shi ake yi. Gida ba haka yake ba. Kafin ka taɓa abu a gidan iyayenka, ka tambayi wa yake zama a ƙarƙashinsa.

Ban buɗe shagon ba. Ina sa ran ganinka da ƙaramar Salla, mu yi maganar baki da baki.

Mahaifiyarka,
Gumsu

Jiddari Polo, Maiduguri
Watan Shawwal

Ɗana Umara,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Salla. Ina fata azumi bai wahalar da kai ba a wannan tsawo. Ni na samu sauƙi.

Na ce sauƙi domin a goman tsakiya zazzaɓi ya kwantar da ni. Ba wanda ya sani sai da mai kawo ruwa ya ga tulunan da ya cika ba a taɓa su ba, ya kira maƙwabta. A da, in ban fito da tabarma ba bayan azahar, kafin la'asar an cika ɗakina. Ban gaya wa Muhsinat ba saboda cikinta ya tsufa. Kai kuma na buga wayarka, aka ce a kashe take.

Ranar Salla na yi burabusko da miyar da kake so, na share ɗakinka, na turara shi. Da yamma saƙonka ya shigo, cewa an buɗe sabon wurin da manyan jirage ke tsayawa, an soke hutun kowa. Ban ƙaryata ka ba. Na raba abincin ga maƙwabta.

Jiya Dzarma ya zo da faifan sola da fanka babba, ya ce ka ce a sa a kwantena ta yi sanyi. Yaron kirki ne. Ya zauna a kan kututturen bishiyar ya ci tuwo, ya tambaye ni gwiwata, ya gyara mini sakatar ƙofa. Ina kallonsa ina jin haushin kaina, saboda sai da na kusa kiransa da sunanka.

Umara, duk abin da kake aikowa yana isowa lafiya, ba ya karyewa, ba ya makara. Kun gyara tasharku da kyau. Amma na lura duk kwalin da ya shigo, kai kana jin kamar ka zo. Ni ce nake taimaka maka da karɓa, kuma na daina.

Solar da fankar suna cikin motar Dzarma, tare da wannan takarda. Kada ka ga laifinsa, ya roƙe ni har ya gaji. Na san kana iya yin fushi, kayan su daina zuwa, kai ma ka ƙi zuwa. Na yi tunanin wannan sosai, kuma na ɗauka.

Ga dokar gidan nan daga yau, na gaya wa Dzarma, zan gaya wa Muhsinat. Duk abin da ya fito daga hannunka, babba ko ƙarami, ko da sabulu ne, ba zai ƙetare ƙofata ba sai kai ne ka ɗauko shi, ka yi sallama da bakinka, na amsa.

Mahaifiyarka,
Gumsu