Ƙanzon Shinkafar Don Anselmo

Tetuwan, Oktoba 1988

Zuwa ga Lalla Rahimo, uwar Batul,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Batul da mijinta Buzyan da jaririn da ya raba ni da matata. Yaya jikin mai jego? Yaya ƙafarki, ta daina kumburi? Ni lafiyata lau, in ban da cikina da ya gaji da biredi da zaitun. Mutum ya wuni yana sayar da zaitun, ya koma gida ya ci zaitun, wannan ai ba zama ba ne.

Takardarki ta iso, rubutun na Batul ne amma surutun naki ne. A rumfa na karanta, Layashi mai kifi yana leƙe ta kafaɗata kamar shi aka aiko wa. Kin tafi Gandiya, can ƙasar Sifaniya, don ki kula da 'yarki, yanzu ga shi Buzyan ya tura ki kicin ɗin gidan abincinsa, har kina koyon Sifaniyanci. Madalla. Wai mutanen nan sau biyar suke ci a wuni, kowane ci da sunansa, na la'asar kuma shi ne meriyenda. Lalla, ni za ki gaya wa? Tun gemu bai fito mini ba nake sayar wa Sifaniyawa zaitun. Na san sunan baƙi da kore da tsagagge, na iya cewa "ɗanɗana, baiwar Allah" da "wallahi ban ci komai a kai ba". Da Sifaniyanci kike so, ai da kin tambaya a gida.

Abin da ban gane ba shi ne wannan malamin naki, Don Anselmo, mai gasa biredi a maƙwabta. Sunansa ya fi na jikana yawa a takardar. Don Anselmo ya koya miki sunan kifi, Don Anselmo ya suɗe kwanon miyarki da ɓawon biredi, Don Anselmo ya ce hannunki na zinariya ne. Kin ce tsoho ne, matarsa ta rasu. Batul, ke da kike karanta wa uwarki wannan, rubuto mini tsakani da Allah, wane irin tsoho ne? Akwai tsohon sanda, akwai kuma tsohon da ke shafa turare.

Sai wannan al'adar da kika ce suna kira sobremesa, a gama cin abinci a ƙi tashi, a zauna ana hira a gaban kwanoni masu maiƙo har la'asar ta kawo kai. Hirar me? Ke da ko a gidan biki sai an kasa kunne ake jin muryarki, me kike gaya musu haka, kuma wa yake zaune kusa da ke?

Na ji kuma Buzyan yana maganar nema miki takardar zama. Ki gaya masa aro na ba shi. Sabon zaitun ya kusa shigowa, ba wanda ya iya jiƙa lemun tsami a gishiri kamarki, kuma gidan ya yi mini faɗi.

Ki gaida Batul, ki sumbaci yaron a goshi.

Mijinki,
Mufaddal

Tetuwan, Nuwamba 1988

Lalla Rahimo,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da duk mutanen gida. Ina fata sanyin can bai taɓa ƙafar ba. Na sa direban motar Sabta ya kawo miki safa mai kauri, Allah ya sa ta iso.

Rahimo, yau na yi dariya har hawaye ya zubo mini a cikin tulun zaitun. Allah ya saka wa Batul da alheri, ba ta rage komai a labarin ba. Wato ran Lahadi Don Anselmo ya gayyace ku gonarsa, ya ɗaura gyauto a ƙugu kamar uwargida, ya hura wuta da itacen lemo, ya dafa shinkafa a faffaɗan kasko. Namiji da gashin baki! Na yarda ya yi hankali da ya sayi kaza da zomo wurin mahaucin Musulmi saboda ku, kodayake ban ga abin da ya kai shi wannan wahalar ba. Kuka zauna kowa da cokali, kowa yana ci daga gabansa kamar mu. To, da aka ci aka kai gindin kasko, sai mai hannun zinariya aka kankaro wa ƙanzo aka tura mata.

Ƙanzo, Rahimo! Abin da kike jiƙa wa kaji. Ki yi musu girki tun safe, su suɗe kwano, ranar da su suka yi nasu su ba ki ƙonannen gindin tukunya a gaban 'yarki da surukinki. Ke kuma don kawaici kika cinye har kina godiya. Na karanta wa Layashi, na karanta wa mai kayan yaji, har da wanzami. Kowa ya tausaya miki, bayan ya gama dariya.

Ban ji haushinki ba. Hankalina ma kwanciya ya yi, na yi barci irin wanda rabona da shi tun tafiyarki. Da ma na san Sifaniyawa: baki zuma, sai an zo rabo ka san matsayinka. Yanzu kin gani da idonki. A gidana, duk talaucina, ban taɓa bari kin ci gindin tukunya ba. Ki haɗa kayanki ki dawo inda ake zuba miki daga sama. In kin ga malaminki ki ce ina gaisuwa, in shinkafa tana kama masa ya rage wuta.

Mijinki da ya san darajarki,
Mufaddal

Tetuwan, Nuwamba 1988

Rahimo,

Ina gaisuwa. Ina fata kuna lafiya. Ni ba ni da lafiya.

Kin san Donya Remediyos, tsohuwar Basifaniyar nan da aka haifa a garin nan ta ƙi komawa ƙasarsu, wadda ke ɗanɗana zaitun cikin tafin hannu kafin ta sayi cikin cokali. Shekaranjiya ta zo rumfa, Layashi uban 'yan gulma ya ce in ba ta labarin ƙanzo. Na gyara tsayuwa na ba ta da Sifaniyancina mai kyau. Ba ta yi dariya ba. Ta sauke tabarau ta ce in maimaita mata, wa ya dafa, wa ya kankare, wa aka tura wa. Na maimaita. Sai ta dafa kaina kamar yaro ta ce, "Mufaddal, jakin Allah, uwata 'yar can ce. Wannan ƙanzon sunansa sokarrat, dominsa ake dafa shinkafar gaba ɗaya. 'Yan'uwa suna daina magana a kansa. Ubana da ya fara tura wa uwata shi, kafin shekara ta zagayo an ɗaura aure."

A gaban kowa ta faɗa, Rahimo, da Larabcinta na 'yan kasuwa don kada wani ya rasa. Layashi ya zauna a kan kwandon sardin don dariya. Wanzami ya bar mutum da rabin kai ya fito. Tun daga ranar ba mai kirana Si Mufaddal, sai mijin mai ƙanzo. Jiya wani ɗan iska ya ajiye mini ƙonanniyar tukunya a kan ma'auni.

Ban damu da su ba. Tambaya ɗaya nake yi miki, kuma Batul, ki karanta ta yadda na rubuta, kada ki sa mata sukari. Kin san ma'anarsa lokacin da kika ci? Ke da kika san sunan ci biyar da sunan kowane kifi, ba a koya miki wannan ba? Kuma da takardata ta iso, wadda na ce ya rage wuta, an karanta masa? A wurin wannan zaman naku na bayan abinci aka karanta? Ke ma kin yi dariya?

Na tambayi Donya Remediyos ko ana ba baƙo don girmamawa kawai. Ta ce ana yi, sau ɗaya. Sai na koma takardar Batul ta ƙarshe, na ga an rubuta "kamar kowace Lahadi".

Sabon zaitun ya shigo, kasuwa ta cika, wannan ne watan da muke cin shekara da shi. Na bar wa Layashi makullin rumfa, mutumin da bai san bambancin zaitun da kashin akuya ba. Jibi zan hau jirgin ruwa daga Sabta. Kada Buzyan ya taɓa maganar takardar zama kafin in iso. Ki gaya wa mai biredi ya ƙara cokali ɗaya ran Lahadi.

Mijinki, in ba a manta ba,
Mufaddal

Gandiya, Disamba 1988

Zuwa ga ɗan'uwana Layashi,

Gaisuwa gare ka da iyali da duk 'yan layinmu, har da waɗanda ba su cancanta ba. Yaya rumfa? Ina fata ba ka zuba ruwan kifi a tulunana ba. Wannan takarda taka ce kai kaɗai. Na san kafin azahar wanzami ya haddace ta, amma dai na faɗa.

Na ga mutumin. Da ma a ce mummuna ne. Dogo ne, kansa fari fat, hannayensa kamar faranti, ga sanyin hali mai ban haushi. Ya rungume ni ya ce ya ji labarina da yawa. Na ce ni ma haka. Na jefa masa Sifaniyancina, ya saurara da ladabi, sannan ya juya ya tambayi Rahimo me na ce. Rahimo, Layashi! Ita ta fassara ni. Ashe abin da muke yi da 'yan yawon buɗe ido a kasuwa ciniki ne kawai, in an zauna cin abinci ba ya kai mutum ko'ina. Ita kuwa bakinta kamar famfo. Tana gardama da shi a kan gishiri, tana tsokanar ƙanwarsa, suna dariya, ni ina murmushi kamar kurma a gidan suna.

Ran Lahadi muka je gonar. Na tsaya a kansa yana dafawa, na ce wutar ta yi yawa, ya ce haka ake so. Muka kewaye kaskon, na kutsa tsakaninsa da matata, sai da na taka ƙafar Buzyan. Shinkafar ta yi daɗi, Allah ya isa. Muka ci har cokula suka fara ƙara a gindin kasko. Batul ta sunkuyar da kai tana gyara wa jariri hula. Na ce a raina yau dai ni ne baƙo, dole ni zai ba, kowa ya tashi da mutuncinsa.

Bai ba ni ba. Ya kankaro shi a hankali, ja-ja, mai ƙamshi, ya miƙa cokalinsa ta gaban cikina ya tara shi a gaban Rahimo. Ina kallo. Wallahi ban ga rashin kunya a fuskarsa ba. Tsohon nan da gaske yake, Layashi, kuma so yake ya ji amsa a gabana.

Rahimo ta daɗe tana kallon ƙanzon. Sannan ta ɗago ta gaya masa wata magana da Sifaniyanci, a hankali, ba gajeriya ba. Ya yi 'yar dariya, ya ciro hankici ya share ido, ya ce hayaƙi ne. Ita kuma ta sa cokali ta turo ƙanzon gabana, duka, ko ƙwaya ba ta rage ba. Ta ce da ni, "Ci, Si Mufaddal, tunda ka tsallako teku dominsa."

Na ci. Abin tauri gare shi kamar tsakuwa, turmin haƙorina na hagu ya tsage a loma ta biyu. Ban tofar ba, na haɗiye har da guntun haƙorin. Aka zauna hira har rana ta yi sanyi, ban motsa ba, kumatuna yana zugi.

Ta gaya wa Buzyan ya bar maganar takardar zama. Tare za mu dawo bayan an yi wa yaro kaciya, ka sa a share mini rumfa. Ka gaya wa 'yan layi matata ta zaɓa, duk wanda ya sake ajiye mini tukunya a kan ma'auni da ita zan auna masa.

Saura abu ɗaya. Maganar nan da ta gaya masa, ban kama ko kalma ɗaya ba. Na tambayi Batul, ta ce jariri ya ɗauke mata hankali. Buzyan ya ce yana tauna. Na tambaye ta ita kanta, da lallashi, da faɗa, har da ƙaryar ciwon kai. Sai ta yi murmushi ta ce ai ni ne mai Sifaniyanci tun gemu bai fito ba, ina zaune a wurin, kunnena biyu. Na samu matata, Layashi, amma tsohon nan ya riƙe wata magana tata da ni ba ni da ita, kuma da ita zai mutu.

Ka gaida Donya Remediyos, ka ce ta tanadi haƙuri, ta samu ɗalibi.

Ɗan'uwanka,
Mufaddal