Baƙon Ɗaki Ɗaya

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, ya iyali? Ɗanka Dogo ya iso da jakarsa, wai ka turo shi ya taya ni zama. Shekara nawa ina cikin ɗakin nan ɗaya ni da 'yata Auta, ba ka taɓa leƙo mu ba, sai yanzu? Yaron da bai saba kwana babu fanka ba! Raina bai kwanta ba. Ka faɗa mini abin da ke ƙasa.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ke dai zargi ya yi miki yawa. So nake yaron ya san yadda talaka ke rayuwa, shi ke nan. Ki gaishe mini da Auta, Allah ya ba ta aikin da take nema.

Yayanki.

Yaya,

Ina gaisuwa. Wa ya gaya maka Auta na neman aiki a hukumar ruwa? Ni dai ban gaya maka ba.

Da can, da hukumar ruwa ke ware gurbin aiki don ƙananan ƙabilu irin tamu, 'ya'yanka ke cinyewa, tunda kai ka san manya. Da mutanen gari suka matsa a mayar da gurbin na 'ya'yan talakawa, ko wace ƙabila ce, kai ka fi kowa kumfar baki a taro. Yanzu kuma na ji ka a rediyo kana yabon tsarin.

Jiya wata maƙwabciyata ta ce masu tantancewa gida-gida suke bi, su ga inda mai nema ke kwana, kuma mutum ɗaya suke ɗauka a gida. Da safen nan na ga Dogo ya tura takalmansa masu tsada ƙarƙashin gado, ya zura silifas ɗin Auta.

Ƙanwarka.

Ƙanwata,

Sannu da haƙuri. To, tunda kin gano, ki rufa mini asiri. Idan sun zo ki ce ɗanki ne. Auta mace ce, aure za ta yi, Dogo kuwa zai riƙe ku duka. Jini ɗaya muke.

Yayanki.

Yaya,

Sun zo. Na faɗa musu gaskiya, Dogo na tsaye. Babbansu ya dubi ɗakin, ya dube ni, ya ce gidan da aka shirya ƙarya ɗaya, ya za a yi ya yarda da sauran? Ya soke sunan Dogo da na Auta duka biyun.

Dogo na hanyar komawa wurinka. Auta ba ta yi mini magana ba har yanzu. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka.